Cincin Mai Yaji na Inna Asibi

Duk wanda ya taɓa zuwa biki ko suna a Gwarzo, ya ga mata sun yi tsit lokaci ɗaya, idanu sun kaɗa sun yi ja, hanci yana yoyo, amma hannu bai fasa komawa cikin faranti ba, to ba sai an gaya masa ba, cincin ɗin Inna Asibi ne ya iso wurin. Mutanen unguwa suna kiransa a-kawo-ruwa, don ba a cin guda uku ba a waiwayi randa ba. Ba irin cincin ɗin da aka saba ba ne, ɗan dunƙulalle mai zaƙi. Nata falan-falan ne mai kusurwa huɗu, ba sukari ko ƙwaya, sai gishiri da yaji, in ka ciza ya ce ƙaras har na kusa da kai ya ji. Wasu suna cewa a wurin wata baƙuwa ta koya, wasu suna cewa sukari ne ya taɓa yanke mata ranar wani biki, ta rufa wa kanta asiri da barkono. Ita dai in an tambaye ta sai ta ce, "Gani na yi ana so." Rabin maganar ne gaskiya. Ana so ɗin kam, amma asali mutum ɗaya ne yake so.

Asibi 'yar Lakwaya ce. Ranar Asabar aka haife ta, sunan ranar ya bi ta har ya danne na yanka. Aure ya kawo ta Gwarzo gidan Malam Dalhatu tela, mutum mai sanyin hali da son hira, wanda in ya ɗauko maka labari sai ya kai shi ƙarshe kafin ya tuna da rigarka. Ita kuwa doguwa ce mai saurin hannu da saurin baki, ba a gaya mata ta kwana ba ta mayar ba. Wuri ɗaya tak bakin nan nata yake mutuwa murus, wato in aka zo kan ɗanta na fari.

Zainulabidin aka raɗa masa. Suna ne da ko waɗanda ba sa jin kunyarsa sai sun ja numfashi a tsakiya, balle ita da a gidansu mace ba ta kama sunan ɗan fari komai gajartarsa. Ta tashi ta ga uwarta tana kawar da kai in babban yayansu ya shigo, ta ga kakarta ma haka, ba kuma wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce ga dalili. Ɗan fari na kakanni ne. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ma sai ta jira wani ya ɗaga shi. Wadda ta yi akasin haka sunanta marar kunya, kuma a ƙauye in wannan suna ya manne wa mace, da shi ake binne ta. Don haka Asibi ta laƙaba wa ɗanta "wancan". Ranar da ta so ta yi masa gata ta ce "mutumin Garo".

Garo can ne gidan Iya Ummukulsum, mahaifiyar Malam Dalhatu. Ana yaye yaron tsohuwar ta zo ta saɓa shi a baya ta yi gaba da shi kamar yadda aka saba, ko gama ɗaure masa kaya ba ta jira an yi ba. Asibi ta tsaya a bakin murhu tana juya miyar da ta riga ta nuna, ko zaure ba ta leƙa ba, mata suka yi ta yaba mata da kawaici. Abin da ba su sani ba shi ne sau biyu ta zuba wa miyar ranar nan gishiri. Ta yi kewar yaron nan, kewa mai cin rai, ga shi ba wanda za ta gaya wa.

In sun je Garo gaida Iya, yaron yana wasa a tsakar gida, Asibi bango take kallo. Can sai ta ce za ta kewaya. Ta ɗauki buta ta zaga bayan danga, ta sami inda kara ya ɗan buɗe, ta kafa ido tana kallonsa har ƙafarta ta yi tsami. Ta dawo ta zauna, jim kaɗan ta sake ɗaukar buta. Iya Ummukulsum har saiwar maganin ciki ta taɓa jiƙa mata, ta tsare ta sai da ta shanye, ganin surukarta ba ta zuwa Garo sai da ɓacin ciki. Yaron ya tashi yana kiran kakarsa Iya, uwarsa kuwa yana ce mata Yaya, yadda ya ji ƙannen babansa suna faɗa. 'Ya'yan da suka biyo bayansa, Abdulrahman da Badi'a, su ne suka ce Inna, suka hau cinya, suka ja ɗankwali, ba wanda ya ce uffan.

Iya Ummukulsum tsohuwa ce mai son yaji, ko kunu ta dama sai ka yi gumi. A hannunta harshen yaron ya gasu. Wata ƙaramar Sallah, ya fara wayo ke nan, aka kawo shi Gwarzo ya yi kwanaki. Asibi ta yi cincin mai zaƙi kamar kowace mace a unguwa, aka zuba wa yara. Tana daga madafi ta ga mutumin Garo ya ɗauki ɗaya ya tauna, ya yamutsa fuska, ya zaga gindin turke ya tofar, sauran ya juye wa akuya. Daga nan ya lallaɓa ya ɗebi yajin tuwo a tafin hannu, ya koma zaure yana lasa. Har Sallah ta wuce aljihun ƙannensa cike yake da kayan kwaɗayi, nasa kuwa wayam. Abin ya tsaya wa Asibi a rai.

To yaya za ta yi? Ba ta da bakin da za ta tambaye shi me yake so. A ce kuma Asibi ta hura wuta ta yi wa ɗan fari abin kwaɗayi shi kaɗai? Kafin la'asar labarin ya kai Lakwaya. Ta juya ta juya, har dabara ta faɗo mata: ta yi da yawa, yawan da ba wanda zai iya nuna yatsa ya ce don wane aka yi.

Da babbar Sallah ta matso ta fara gwaji. Karon farko ta tsoma cincin ɗin cikin barkono sannan ta jefa a mai. Barkono ya ƙone, hayaƙi ya turnuƙe gidan, Malam Dalhatu ya baro keken ɗinki da gudu, igiyar awo a rataye a wuya, yana tari kamar ransa zai fita. Maƙwabciyarsu Malama Pamela, 'yar Filato da ke koyarwa a firamare, ta leƙo ta kan katanga tana share hawaye.

"Maman Abdul, maciji ake kora a gidan?"

Ita Malama Pamela tun farkon zuwanta ta taɓa ce mata Maman Zainu, Asibi ta shige ɗaki da gudu ta bar ta tsaye da kwano a hannu. Tun daga ranar ta gyara.

Karo na biyu cincin ɗin ya yi kauri, waje ya ƙone, ciki bai soyu ba. Malama Pamela ce ta ce ta murza shi siriri, ta huhhuda da cokali mai yatsu don kada ya kumbura. Sauran kuwa hannun Asibi ne ya gano, kuma har yau haka take yi. Ta tankaɗe fulawa, ta zuba gishiri da dakakkiyar citta da masoro da ɗan kanumfari da tafarnuwa, ta murtsuke da man gyaɗa har garin ya yi washar-washar, sannan ta riƙa yayyafa ruwa tana kwaɓawa da tauri. Ta rufe da ƙwarya ya huta. Ta gutsuro ta ɗora a bayan tire, ta murza da kwalba har sai ta fara hango furen tiren ta cikin kwaɓin. Ta huhhuda, ta yayyanka, ta soya a wuta marar gaggawa. Barkono kuwa ba ya ganin mai. Daban take daka shi da ƙuli-ƙuli da gishiri, ana tsame cincin da zafinsa ta juye a ƙwarya, ta barbaɗa, ta rufe da faifai ta girgiza. Wannan girgizar ce sirrin, in ji ta, kuma ba ta barin kowa ya yi mata.

Ranar Sallar ta cika babban baho. Ta aika gida-gida har ƙarshen layi, da wanda suke shiri da wanda ba sa shiri. Wata mata da suka yi wata biyu ba sa ga-maciji ta ga kwano ya shigo, ta ɗauka sulhu ne, ta zo har gida tana ba da haƙuri. Da aka gama rabo Asibi ta zuba ragowar a faranti, ta ce wa Badi'a, "Kai zaure, wanda ya ga dama ya ci." A zauren kuwa mutum ɗaya ne zaune. Ta koma madafi ta leƙo ta kafar ƙofa. Mutumin Garo ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya ciza. Ya ɗauki na biyu. Bai ɗago ba sai da ya ga ƙasan faranti, ya sa yatsa ya suɗe yajin tas. Daɗin da Asibi ta ji ranar nan ko ranar da aka kai ta ɗakin miji ba ta ji irinsa ba.

Shi ke nan fa, unguwa ta ɗanɗana. Wannan ta zo a yi mata na suna, waccan na biki, wani na walimar sauka. Aka fara aiko mata daga Getso, daga Kabo, Malama Pamela ta ce ita ma Kirsimetinta ba ya yi sai da shi. Asibi da ta shiga don farantin yaro ɗaya ta wayi gari mai sana'a, da kasko biyu da murhu na musamman. Ba ta ƙi ba, don sana'ar ta zame mata mayafi. Da Zainulabidin ya shiga makarantar kwana, bokiti guda take aikawa, ta ce a raba wa 'yan ɗakinsu. Ranar aurensa ta soya wanda har direbobin da suka kawo amarya sai da suka tafi da ƙunshi. Kullum na kowa ne, kullum shi ma yana ciki.

Malama Pamela kaɗai ta gano ta. Wata rana tana taya ta yanka ta ce, "Maman Abdul, na lura in ɗan Garo zai zo, kanumfarin ya fi yawa."

"Ke dai Malama ki yi yanka, ki bar lura."

Ita Malama Pamela a tsakiyar titi take rungume ɗanta na fari, tana "Davou, Davou" da ƙarfi, Asibi tana rufe ido don kunyar da ta kama ta a madadinta. Amma a can ƙasan ranta ba ta jin ta gaza ta da komai. Ta tabbata ɗanta ya sani. Yaro mai hankali, ya yi karatu har ya zama malamin gona, a ce bai gane abin da akuya ma ta shaida ba? Nan ta yi kuskure. Ta ɓoye abin da kyau, har ta ɓoye wa mai shi.

Shekaru suka ja. Iya Ummukulsum ta riga mu gidan gaskiya. Zainulabidin ya kama aiki a Kabo, ya zauna can da matarsa Naja'atu, 'yar cikin birnin Kano. In ya zo gaisuwa ranar Juma'a, a bakin ƙofa yake durƙusawa.

"Yaya, ina wuni?"

"Lafiya," in ji ta, tana kallon bango. Hirar ke nan. Sai ta tashi ta cika leda ta ce wa Naja'atu ta kai wa maƙwabtansu.

Bana Allah ya sauki Naja'atu lafiya, ta sami 'ya mace. Ba ta tafi wankan gida ba, mahaifiyarta ce ta zo Kabo, don haka a gidan Zainulabidin za a yi suna. Tun washegarin haihuwa Asibi ta sa aka sauke mata rabin buhun fulawa. Tana zaune a tsakar gida da hantsi tana tankaɗe, wayar Malam Dalhatu ta yi ƙara. Shi kuwa tunda kunnensa ya fara nauyi a sifika yake amsa waya, duk sirrin da ka gaya masa, da kaji da awaki ka gaya wa.

"Baba, batun abin da za a raba wa mata ranar suna ne. Naja'atu ta ce daga Kano za a kawo samosa da kek."

"To na gidan nan fa? Ka san ba a taro a dangi ba a-kawo-ruwa."

Sai aka ji ya yi 'yar dariya. "A bar Yaya ta huta, Baba. Ita ai don mutane take yi, kowa ma yi masa take yi. Ni ban taɓa sa ran wani abu nawa na kaina a wurinta ba, na saba. Su Abdul ne 'ya'yanta. Ni uwata Iya ce, Allah ya ji ƙanta."

Malam Dalhatu ya daburce, ya kai yatsa zai kashe sifikar, ya ƙara mata ƙarfi. "Na saba" ɗin nan da ɗan ya sake maimaitawa har bayan katanga an ji.

Rariya ta tsaya a hannun Asibi. Fushi ne ya fara zuwa. Ji ɗan nema! Shekara da shekaru tana shaƙar barkono, hannunta duk tabon mai, ta ciyar da Gwarzo da kewaye, a ce don mutane? Su waye mutane? Amma fushin bai daɗe ba ya sauka, ya bar mata abin da ya fi shi ciwo. Da cikin ɓacin rai ya faɗa, da da sauƙi. Cikin dariya ya faɗa, irin ta wanda ya daɗe da haƙura. Ashe duk Juma'ar nan da yake durƙusawa a bakin ƙofa, ɗauka yake ba ta son ganinsa.

Ta yafa mayafi ta shiga gidan Malama Pamela, wadda yanzu ta yi ritaya tana sayar da kayan masarufi a ƙofar gida. Ba sai ta yi bayani ba, sifikar Malam ta riga ta yi.

"Ki kira shi ki gaya masa mana," in ji Malama Pamela. "Ke da baki kamar reza."

"In ce masa me?"

"Ki ce, Zainu ɗana, ina sonka. Shi ke nan."

Asibi ta dafe ƙirji. "A'uzubillahi! Malama, so kike in mutu a tsaye? Da furfurata?"

Malama Pamela ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta goge ido ta ce, "To ki ci gaba da ƙosar da gari, mai abincin yana can da yunwa."

Asibi ta miƙe ta gyara mayafinta. Ta koma gida ta ɗaure bakin buhun fulawa ta tura shi lungu.

Ana gobe suna ta ɗebi fulawa gwangwani ɗaya tak. Aikin ya fi na baho wuya, don hannunta bai san kaɗan ba. Ta kai hannu gishiri ta ɗebo na mutum ɗari, ta mayar. Ta ɗebo citta ta mayar. Sai da ta koma auna komai da ɗan cokalin shayi kamar amaryar da ba ta iya girki ba. Ta murza har furen tire ya fito sarai, ta yanka da natsuwa, duk wanda ya karkace ta ware shi. Ta tsame, ta barbaɗa, ta girgiza. Sannan ta hau kujera ta sauko da wata 'yar langa daga cikin jerenta na aure, wadda ba a taɓa cin abinci a ciki ba, ta wanke ta goge, ta juye, ta ɗaure a cikin ɗankwali.

Malam Dalhatu ya leƙo yana shinshina. "Sauran fa?"

"Babu saura."

"Asibi, matan nan ɗanya za su cinye ki gobe."

"Su ci, Malam, akwai yaji a jikina."

Da safe maza suka raɗa suna a Kabo. Yarinya ta ci sunan Iya, Ummukulsum, za a riƙa kiranta Ummi. Asibi da ta ji ta ce a ranta, to madalla, an ƙara mata suna na biyu da ba za ta iya kamawa ba a gida ɗaya. Da azahar mata suka cika gidan maƙil. Ana ganin ta sauko daga mota aka hau leƙen bayanta, ana jiran a sauko da baho. Ba baho. Wata tsohuwa daga Getso, wadda ta zo da gorar ruwanta a jaka don shiri, ta ce, "Asibi, ina a-kawo-ruwa?"

"Bana ya tafi hutu."

"Hutu? To mu me muka zo yi?"

"Suna kuka zo, ga jaririya can."

Aka raba samosa da kek. Aka ci, ba laifi, amma ana ci ana ƙunƙuni, tsohuwar Getso tana juya samosa tana neman ta inda ake fara ta. Asibi ta shiga ɗakin mai jego, aka miƙa mata jaririya. Wannan kam jika ce, ba wanda zai hana ta kallo, ta kuwa kalla son ranta. Goshin nan sak na wancan. Naja'atu ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, ki yi haƙuri da batun cincin, cewa ya yi kada a wahalar da ke."

"Ba komai, 'yar nan. Ina shi angon ƙarnin?"

"Ya gudu tun safe. Gwaggonninsa suka ce ya riƙe ta a ɗauki hoto, ya fice kamar an biyo shi. Inna, tunda aka haife ta bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, ko sunanta bai faɗa ba. Wai kunya. Mutum da digirinsa!"

Asibi ta ɗago kai. Ta dubi tagar ɗakin, ta ga labule ya ɗan motsa, alhali ba iska. Ta miƙa jaririyar, ta ɗauki ƙunshinta, ta ce za ta kewaya.

Ta bi ta bayan ɗakin, ɗan lungun da ke tsakanin gini da katanga. Ga malamin gona guda, da babbar riga da hula, tsaye a kan bulo, ya ɗage gefen labule da yatsa ɗaya ya kafa ido. Yana jin motsi ya diro, saura kaɗan ya faɗi, ya durƙusa.

"Yaya, sannu da zuwa. Dama wayar lantarki nake dubawa."

"Na sani," in ji ta. "Ni ma a Garo danga nake dubawa."

Ya ɗago bai gane ba. Ita kuwa ta juya fuska ga katanga, ta kwance ɗankwalin, ta miƙa masa langar ta gefe.

"Ungo."

Tunda aka yaye shi, wani abu bai taɓa fita daga hannunta ya shiga nasa kai tsaye ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya buɗe, ƙamshin kanumfari ya cika lungun.

"A kai wa su wa?"

"Ba a kai wa kowa."

"To na mutane fa?"

"Mutane sun daɗe suna cin albarkacinka. Yau su ci samosa."

Ya tsura wa langar ido. Ta ga in ba ta ƙarasa yau ba, ba za ta ƙara samun ƙarfin ba. Sai ta gaya wa katanga sauran.

"Akwai wani yaro da ya taɓa juye wa akuya cincin ranar Sallah, ya koma zaure yana lasar yajin tuwo. Kafin ranar nan ba wanda ya taɓa jin cincin mai yaji a Gwarzo. Ni dai ba na son asarar sukari, shi ke nan."

Ba ta ga fuskarsa ba, don ba ta duba ba. Ta dai ji numfashinsa ya sauya, can kuma ta ji ƙaras. Ta gyara mayafi ta juya za ta tafi. Ta kusa ƙarshen lungun ya yi magana.

"Na gode, Inna."

Ta tsaya cak. Ta haifi 'ya'ya sun kira ta Inna har ta gaji da amsawa, amma wannan ɗaya ita ce ta jira tun yana bayan Iya a hanyar Garo. Daɗi ya cika ta har ta rasa inda za ta sa shi. Ba ta waiwaya ba.

"Ka rufe langar," in ji ta. "In iska ta shiga laushi yake yi."

Da la'asar Malam Dalhatu ya ci karo da ɗansa a ƙofar gida, rungume da langa a ƙarƙashin babbar riga. Hancinsa ya gaya masa abin da ke ciki, ya miƙa hannu ya ce a ɗan sam masa guda. Zainulabidin, wanda bai taɓa yi wa ubansa musu ba, ya durƙusa cikin ladabi ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, wannan ba na rabo ba ne."

Rabin buhun nan bai yi asara ba. Mako na zagayowa Asibi ta soye shi ta aika gida-gida, har tsohuwar Getso aka kai wa nata, gorar ruwanta ta yi amfani. Yau ma in ka je biki a Gwarzo za ka tarar da a-kawo-ruwa, in ka tambaye ta asalinsa za ta ce maka gani ta yi ana so. Sunan nan mai tsawo har yanzu ba ta kama ba, kuma in ya zo ranar Juma'a bango take kallo. Sai dai yanzu kafin a cika baho 'yar langa ake fara cikawa, shi kuma ba ya tashi daga bakin ƙofar sai ta miƙo masa da hannunta.